Ƙaramar Kwalba Mai Ruwan Zinare: Zaƙinta Bai Hana Ta Zama Giya Ba

Wata ranar asibitin masu ciwon suga, wata Hajiya ta zaro kwalba daga jakarta ta miƙo min. Ƙarama ce, abin da ke ciki kalar zuma, rubutun Faransanci. Tsaraba ce aka kawo mata daga Turai, ta zaci irin ruwan inabin nan ne mai kumfa da ake buɗewa a wajen biki. Tambayarta ɗaya: "Malam, zaƙin nan ba zai tayar min da suga ba?" Na juya kwalbar, na nuna mata wajen da aka rubuta "14% vol". Na ce Hajiya, wannan giya ce. Sai da ta yi salati.

Ban ga laifinta ba. Irin wannan giya ba ta da ɗaci, ba ta da warin da ke korar mutum. Mafi shahara ana yin ta ne a yankin Sauternes, kudu da birnin Bordeaux na Faransa. Da kaka, hazo kan taso da safe inda kogin Ciron mai sanyi ya haɗu da Garonne, sai wata funfuna ta kama 'ya'yan inabin, ta tsotse ruwansu, su yamushe kamar zabibi, sukari ya taru. Masu tsinka sukan zaga gona sau da yawa suna zaɓar waɗanda suka yamushe kawai. Gonar Château d'Yquem, wadda iyalin Lur Saluces suka riƙe tun 1785 har kamfanin kayan alatu na Faransa, LVMH, ya karɓi ragamarta a 1999, ita ce kan gaba. Daga inabin 2012 ma masu gonar ba su fitar da ko kwalba ɗaya ta wannan giya mai zaƙi ba don bai yi musu ba. Hungary na da irinta, Tokaji. Tarihi ne mai daɗin ji, amma hanta ba ta san tarihi ba.

Mu yi lissafi. Ƙaramar kwalba, mililita 375, mai barasa kashi 14 cikin ɗari, tana ɗauke da barasa kusan giram 40. Giyar kwalba da aka saba gani kashi 5 ce ko kusa da haka, wato wannan ta kusa ninka ta uku. Sukarinta kuwa yakan kai giram 120 a lita ko fiye, ya ɗara na lemon kwalba.

Ga mai ciwon suga, matsalar biyu ce. Da farko suga ya hau. Daga baya, hanta ta shagala da fitar da barasa, ta rage sakin sukari cikin jini, sai suga ya faɗi warwas, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan maganin suga glibenclamide. Sau da yawa cikin dare hakan ke faruwa: gumi, makyarkyata, ruɗewa, mutanen gida kuma su ɗauka maye ne su bar shi ya kwanta. Mai juna biyu kada ta kusance ta, barasa na ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Mai shan Flagyl ma haka. Kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Don haka duk kwalbar da ta shigo gida cikin kwandon kyauta ko tsaraba, a duba bayanta kafin a buɗe. In an ga lamba tare da "% vol" ko "alc", akwai barasa, wadda babu, akan ga "0.0%". Kalmomin Sauternes, Barsac, Tokaji, Moscato ko "late harvest" su sa a dakata. Kada a ajiye ta a firiji kusa da lemon yara, domin yaro zai iya shanye ta kamar zoɓo, kuma kaɗan ke faɗar masa da suga. In hakan ta faru, a garzaya asibiti da shi tare da kwalbar, kada a tsaya ba shi madara ko manja.