Waiwaye: Yadda Aka Daɗe Ana Raina Sodiyam a Cikin Ƙwayar Jijiya

Masu binciken ƙwaƙwalwa na ta muhawara a yau: shin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ɗan dakon cajin lantarki ne kawai, ko shi ma yana da ta cewa kan yadda ƙwayoyin jijiya ke isar da saƙo? Maganar ba yau ta fara ba.

A 1952 Hodgkin da Huxley suka nuna cewa kwararowar sodiyam cikin jijiya ce ke tayar da saƙon lantarki. A 1957 Jens Skou ya gano famfon da ke jikin bangon ƙwaya, mai fitar da sodiyam uku ya shigar da fotasiyam biyu. A wajen ƙwaya sodiyam yakan kai milimola (ma'aunin yawan sinadari) 145 a kowace lita, a ciki kuwa 10 zuwa 15. Daga nan aka ɗauka famfon na share duk abin da ya shigo nan take, hankali ya koma kan kalsiyam.

Ba don sodiyam ba shi da aiki ba ne. Na'urar ganinsa ce babu. Kalsiyam ɗan kaɗan ne a ƙwayar da ke hutawa, da ya motsa sai a gani. Sodiyam kuwa dama yana da yawa, ga fotasiyam cunkushe a ciki yana rikita awo. Sai a 1989 Minta da Tsien suka fito da SBFI, rini mai sauya haske idan ya kama sodiyam. Ba a cika ambatar wannan shekarar ba, alhali ita ta buɗe ƙofa. A 1998 Yu da Salter suka nuna cewa ƙaruwar sodiyam a ciki na ƙara wa mashigar NMDA, wata ƙofa mai karɓar saƙo a jikin ƙwayar jijiya, ƙarfi. A 2001 Rose da Konnerth suka ga sodiyam yana tashi sosai a 'yan ƙayoyin reshen jijiya, inda saƙo ke sauka. Wurin ƙanƙane ne, famfo ba ya iya kwashewa da wuri.

Illar taruwarsa ta fi bayyana a bugun jini na ƙwaƙwalwa. Jini ya yanke, makamashi ya ƙare, famfo ya tsaya. Sodiyam ya taru, ruwa ya bi shi, ƙwaya ta kumbura. Mai musanyar sodiyam uku da kalsiyam ɗaya, wanda da ma fitar da kalsiyam daga ƙwaya yake yi, ya juya baya yana shigo da kalsiyam. Mai kwashe gulutamet (sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi) daga tsakanin ƙwayoyi, wanda shi ma da ƙarfin sodiyam yake aiki, ya koma zubar da shi waje, ƙwayoyin makwabta su yi ta amsa saƙo har su mutu.