Mene Ne Wankan Ruwan Zafin Ƙasa?

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Maroko da Turkiyya saro kaya, da ɗalibanmu na Aljeriya, sukan dawo da labarin wai sun je wankan ruwan zafi, har da biyan kuɗin shiga. A Damagaram, garin da mutum kan yi sammako da bidona ya bi layin famfo, maganar kan ba mutane dariya: ka bar gida, ka hau jirgi, ka biya kuɗi don a dafa maka ruwa? To, ba dafawa ake yi ba. Abin da takardun masu shirya tafiye-tafiye ke kira bain thermal da Faransanci, wanka ne a ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa. Ba itace, ba gas, ba lantarki.

Asalinsa ruwan sama ne. Yakan tsiyaya ta tsagar duwatsu ya yi ta nutsewa, ita kuwa ƙasa ƙara zafi take yi idan ana shiga cikinta, wajen digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita. Ruwan da ya kai zurfin kilomita biyu ya riga ya wuce wanda hannu zai jure. In ya sami wata tsagar da za ta kai shi sama da sauri, sai ya fito bai huce ba. Tafiyar na iya cin ɗaruruwan shekaru, wani wurin ma dubbai. A hanya yana narkar da abin da ya tarar, gishiri, ƙarfe, farar ƙasa, farar wuta, shi ya sa kowace maɓuɓɓuga da irin ɗanɗanonta da warinta. Mai farar wuta warin ɓaragurbin ƙwai take yi, kuma in ka shiga da zoben azurfa za ka fito ka gan shi ya yi baƙi ƙirin. Cire shi ka bari a jaka. Ga mai tunanin alwala kuma, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan: ruwan da ƙasar mazauninsa ce ta sauya masa launi ko wari yana nan da tsarkinsa.

Inda baƙo kan ruɗe shi ne wajen hamam. Hamam ɗin unguwa da ke Fas ta Maroko ko Santambul ta Turkiyya ɗakin tururi ne, ruwan gari ake ɗumamawa da wuta, a cuɗe ka da sabulu. Yana da daɗi, amma wani abu ne dabam. Sai dai a Aljeriya garuruwan maɓuɓɓuga ma da Hammam ake fara sunansu, irin Hammam Debagh kusa da Guelma, inda ruwa ke fitowa da zafin da ya kusa digiri 98, har a dafa ƙwai a ciki. Saboda haka tambaya ɗaya ta ishe ka kafin ka biya: ruwan nan daga ƙasa yake fitowa da zafinsa, ko tukunya ce a bayan gini?

Ba sai an ƙetare teku ba. A duwatsun Abzin, arewa da Agadas, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tafadek. Tun zamanin kakanni Buzaye da Hausawa ke zuwa can da masu sanyin ƙashi da ciwon fata, a yi zango na kwanaki ana shiga ana fita. Mutanen da ke zuwa Tafadek ba sa ce wa kansu ƴan yawon buɗe ido, magani suka je nema, da guzurinsu da tabarmarsu. Daga Damagaram sai ka bi ta Tanut da Adarbisanat, kilomita 450 ko kusa da haka kafin Agadas, kuma mai hankali ba ya wuce Agadas sai ya tambayi halin da hanya ke ciki a wannan makon.

Ta kudu kuma akwai Wikki, cikin gandun dajin Yankari a jihar Bauci, wanda aka buɗe wa baƙi a 1962. Ruwan na fitowa daga gindin wani dutse, garau har kana ganin farin yashi da yatsun ƙafarka a ƙasa, lita miliyan 21 a rana, yana gangarawa kogin Gaji. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. A nan ne Badamagare zai yi mamaki. Jikin mutum digiri 37 ne, kuma mu da muka saba da watan Afrilu mai wuce 40, in muka faɗa Wikki da bazara sanyi za mu ji. Sai da asubahin hunturu, iska na yankan kunne, tururi na tashi a kan ruwan, za ka yarda ɗumi ne. A Japan doka ta ce ruwan da ya fito da digiri 25 ya shiga lissafi, don haka kada sunan ya sa ka zaci duk maɓuɓɓuga tafasa take yi. (Kuma a Yankari kada ka ajiye ledar abinci a bakin ruwa. Gwaggon biri ya fi ka sauri.)

Abin da ya fi damun namu a ƙasashen waje ba zafi ba ne, sutura ce. A Budafest ta ƙasar Hangari, gidan wankan Széchenyi da aka buɗe a 1913 maza da mata tare suke shiga da ƴan kamfan iyo, tsofaffi na buga dara irin tasu a tsakiyar ruwa. Gidan wankan Rudas, shi ma a Budafest, wanda Turkawa suka gina tun ƙarni na 16, ya saba ware wasu ranaku na maza, wata ta mata. A Japan an raba maza da mata, amma tsirara ake shiga, bayan ka zauna a ƴar kujera ka wanke jikinka tas. A Mulai Yakub kusa da Fas, ɓangaren mata dabam ne, kuma akwai ɗakunan da mutum zai kama shi kaɗai. Ni dai shawarata ita ce a tambaya tun daga otal, kafin a sayi tikiti, domin kuɗin shiga ba ya dawowa don ka leƙa ka ga abin da idonka bai so ba. Hajiyar da ke son shiga da dogon kayan iyo ita ma ta tambaya, wasu wuraren sun yarda, wasu sun hana.

Yana magani? Yana sauƙaƙawa. Zafi na sassauta jijiyoyi, ruwa na ɗauke nauyin jiki daga gwiwa da ƙugu, mai amosanin gaɓɓai kan sami barci mai kyau a daren. A Faransa likita ne ke rubuta wa mutum zaman kwana 18 a garuruwa irin su Dax da Vichy, inshorar lafiya ta biya wani kaso. Amma wanda ya ce maka ruwan zai kawar da ciwon suga ko hawan jini har ka ajiye ƙwayoyinka, kuɗinka yake so.

Mu da ke da wankan jego bai kamata a yi mana dogon bayani kan ƙarfin ruwan zafi ba. Duk wadda ta sha wankan ganyen dogon yaro safe da yamma har arba'in ta san jirin da ke biyo baya, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jegon da ke haɗa wankan da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Zafi na buɗe hanyoyin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya sauka, mutum ya miƙe tsaye ya ga duhu. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini da mai juna biyu su ga likita kafin tafiya. Mai lafiya ma minti 15 zuwa 20 ya isa a ruwan da ya kai digiri 40, ya fito ya zauna, ya sha ruwan sanyi, in yana so ya koma. Ba a shiga da buɗaɗɗen gyambo, ba a shiga da azumi a baki da tsakar rana. A maɓuɓɓugar daji da ba a sa wa magani, a bar kai a sama, don akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa a ruwan ɗumi tana shiga ta hanci, ba kasafai ake kamuwa ba amma kisa take yi. Yara kuwa jikinsu ya fi saurin ɗaukar zafi, sai a tsaya da su a tafkin da ya fi kowanne sanyi, babba na riƙe da hannunsu.