Waiwaye: Yadda gidan zama a babban birni ya koma hajar masu jari

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi a babban birni, shawarar da zai fi ji ita ce ya sayi gida, wai gida ba ya cin amanar mai shi, ko ba daɗe ko ba jima farashinsa sai ya tashi. Maganar ta zauna a zukatan mutane har ana ganin kamar gadon kaka da kakanni ce, alhali ba ta kai shekara ɗari ba. Abin da ya daɗe a duniya shi ne cin kuɗin haya. Sayen gida a zauna jiran ya ninka kuwa, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama ruwan dare.

Tun a tsohon birnin Rum akwai attajiran da dukiyarsu ta dogara ga benayen haya da talakawa ke cunkushe a ciki. Marcus Crassus, wanda ya mutu shekara 53 kafin haihuwar Annabi Isa, an ruwaito cewa yakan sayi gidan da gobara ta kama da na maƙwabtansa a kan araha, ya sa bayinsa magina su sake ɗaga su. Rashin imaninsa a gefe, lissafinsa na haya ne.

Alƙaluma ma haka suka nuna. Masanin tattalin arziki Piet Eichholtz ya bi cinikin gidajen da ke bakin mashigin ruwa na Herengracht a Amsterdam daga 1628 zuwa 1973. Unguwar masu hali ce tun farkonta, amma da aka cire hauhawar farashin kaya, darajar gidajen ninki biyu kawai ta yi cikin kusan shekara 350. Wani binciken da Katharina Knoll da abokan aikinta suka yi kan ƙasashe 14 masu arziki ya gano cewa daga 1870 zuwa wajen 1950 farashin gidaje bai wani motsa ba. Dalilin mai sauƙi ne: jirgin ƙasa da tarago, daga baya kuma mota, sun riƙa buɗe sababbin filaye a bayan gari, birni na faɗaɗa, fili ba ya tsada. Da hanyoyin sufuri suka daina rage nisa kamar da, dokokin tsara gari kuma suka tsananta, sai farashi ya kama hawa. Binciken ya danganta kusan kashi 80 cikin ɗari na hawan da tsadar fili. Wato ginin tsufa yake yi, rufi ya yi yoyo, bango ya tsage. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ke ƙara daraja.

Ko hayar ma ba a bar wa masu gida ita yadda suka ga dama ba. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu gidaje a birnin Glasgow na Birtaniya suka ƙara haya yayin da maza ke fagen daga. Mata, cikinsu har da Mary Barbour, suka ce ba za su biya ba, kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar da ta ƙayyade kuɗin haya. Daga nan sana'ar ba da haya ta yi ta ja da baya a ƙasar tsawon shekaru da dama.

Abin da ya juya lamarin shi ne bashi. Kafin shekarun 1930, mai neman bashin gida a Amurka yakan ajiye kusan rabin kuɗin, ya biya saura cikin 'yan shekaru. Bayan karyewar tattalin arziki sai gwamnati ta kafa hukumar FHA mai inshorar bashin gida a 1934 da Fannie Mae mai sayen bashin gida daga bankuna a 1938, suka share fagen bashi mai dogon zango da ƙaramin kafin alƙalami. A Birtaniya dokar gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ta 1980 ta ba 'yan hayar gidajen ƙananan hukumomi damar saye da rangwame, a 1996 kuma aka fito da bashin sayen gida don ba da haya. Sin ta daina raba wa ma'aikata gidaje a 1998. Ga kuɗin ruwa yana ta sauka: bashin gida na shekara 30 a Amurka ya haura kashi 18 cikin ɗari a 1981, ya dawo ƙasa da kashi 3 a 2021. Duk saukar da ya yi, mutum ko albashinsa bai ƙaru ba zai iya ɗaukar bashin da ya fi na jiya, ya taya gida sama da tayin jiya. Da yawa daga waɗanda ake yaba wa da hangen nesa a wannan harka, in ka duba, sa'ar zamani ce kawai ta faɗo musu.

Kuma ba kowa ta faɗo wa ba. Farashin fili a Japan ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1990, sannan ya shafe fiye da shekara goma yana gangarowa. A Amurka farashin gidaje ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 2006 da 2012, miliyoyin iyalai suka rasa muhalli, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumban 2008. Faɗuwar wani tashin wani: kamfanin zuba jari na Blackstone ya kafa kamfanin hayar gidaje na Invitation Homes a 2012, ya kwashe dubban gidajen da bankuna suka ƙwace ya mayar na haya. A Sin, inda mutane ke biyan kuɗin gida tun ba a gama ginin ba, katafaren kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe kamfanin a Janairun 2024, masu saye da dama aka bar su da kango.

Yanzu siyasa ta sake shigowa, domin 'yan haya ma suna da ƙuri'a. Vancouver ta Kanada ta fara karɓar haraji kan gidajen da aka kulle babu kowa a 2017. Masu zaɓe a Berlin sun goyi bayan karɓe gidaje daga manyan kamfanonin haya a ƙuri'ar raba gardama ta 2021, ko da yake ba ta wajabta wa hukuma komai ba. Kanada ta hana 'yan ƙasashen waje sayen gidaje daga Janairun 2023, birnin New York kuma ya ƙuntata hayar 'yan kwanaki irin ta manhajar Airbnb a shekarar.

A 2022 da 2023 manyan bankunan ƙasashe suka ɗaga kuɗin ruwa, bashin gida a Amurka ya koma sama da kashi 7 cikin ɗari a 2023. Mai sayen gida da bashi a irin wannan yanayi dole ya zauna ya ƙirga hayar shekara, ya cire haraji, da gyara, da la'adar dillali, da watannin da gidan zai zauna babu ɗan haya, sannan ya ga ko abin da ya rage zai ishi banki. A manyan birane da yawa ba ya isa, sai mai gidan ya cika daga aljihunsa kowane wata.