Ƙwaƙwalwar yaro sai a hankali take haɗuwa

Ranar awo wata uwa ta ce min, "Malama, me zan ce wa jinjiri ɗan wata uku, ai ba ya gane komai." Na ce Hajiya wallahi yanzu ne ma ya fi buƙatar surutunki.

Jariri ana haihuwarsa ƙwaƙwalwarsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babban mutum, kafin ya shekara 6 ta kai wajen kashi 90 cikin 100, kuma ba girma kawai take yi ba, jijiyoyi ne suke ta haɗewa da juna, a shekarun farko sama da haɗi miliyan ɗaya duk sakan guda. Kamar turba ce a daji, wadda ake bi kullum ta faɗaɗa, wadda aka daina bi ciyawa ta cinye ta. Shi ya sa in ya yi gwaranci ki amsa masa, ki yi masa tawai, kina wanke-wanke ki riƙa faɗa masa wannan kofi ne wannan ludayi ne. Ku ma iyaye maza ban cire ku ba.

Nono zalla wata 6, bayan nan a haɗa masa da ƙwai, wake, zogale, gishiri mai aidin. A kuma kula da dalma, ba mu manta Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma ta wajen haƙar zinariya, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

Sai samari da 'yanmata, nan ne iyaye suka fi kawo min kuka, wai yaro ya kai 16 amma ba ya jin magana. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai auna abu kafin a aikata, shi ne na ƙarshe wajen nuna, sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren son daɗi da burge abokai tuni ya kankama. A lokacin ne kuma wani kitse yake ta naɗe jijiyoyin kamar robar wayar lantarki don saƙo ya yi sauri. To a ce a tsakiyar wannan aikin yaro ya faɗa tramadol ko kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018, ɓarnar ba ƙarama ba ce.

Barci awa 8 zuwa 10 samari da 'yanmatan nan suke buƙata, don Allah ƙarfe goma na dare a karɓe waya, a sa ta caji a ɗakin Baba.