Waiwaye: Likita ya rubuta, inshora ta ƙi biya

A 1914 wata shari'a ta kai gaban babbar kotun jihar New York a Amurka. Wata mata, Mary Schloendorff, ta yarda a sa ta barci don a duba cikinta, amma ta faɗa ƙarara cewa ba ta yarda da tiyata ba. Ko da ta farka, an riga an cire mata ƙari. Ba ta ci shari'ar ba, sai dai alƙali Benjamin Cardozo ya rubuta abin da ya zama tubali: duk baligi mai hankali shi ke da ikon yanke abin da za a yi da jikinsa. Daga baya kotuna suka ƙara cewa sa hannu kawai bai wadatar ba, sai likita ya bayyana haɗarin aikin da sauran hanyoyin da ake da su. A 1973 ƙungiyar asibitocin Amurka ta fitar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci.

Duk wannan tsakanin mara lafiya ne da likitansa. Ya ba shi ikon cewa a'a. Bai ce komai ba kan wanda zai biya idan ya ce e.

A wannan shekarar ta 1973 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa kamfanonin HMO, waɗanda ke karɓar kuɗi tun gaba su ɗauki nauyin jinyar mutum. Manufar ita ce rage tsadar magani, kuma hanyar rage ta ita ce sa ido kan likita: kafin tiyata ko gwaji mai tsada sai kamfani ya ba da izini, kafin ganin ƙwararre sai an tura ka. Ta haka mutum na uku ya shigo ɗakin duba marasa lafiya, mutumin da bai taɓa ganin majiyyacin ba.

Zuwa shekarun 1990 tura ta kai bango. Wasu kwantiragin da ke tsakanin kamfanonin da likitoci sun hana likita ya ambaci maganin da kamfani ba ya biya, har jihohi da dama suka haramta hakan. Ana sallamar mai jego kwana ɗaya bayan haihuwa, sai da majalisar tarayya ta yi doka a 1996 cewa inshora ta biya aƙalla awa 48 a asibiti, ko awa 96 idan tiyata aka yi. Abin mamaki ne a ce sai 'yan majalisa sun zauna sun ƙirga awannin da mai jego za ta kwanta.

Amsar kamfanonin ba ta sauyawa: ba mu hana ka magani ba, biya ne kawai ba za mu yi ba. Ga wanda aljihunsa ba zai iya ba, duk kanwar ja ce. Kuma doka ta tsaya musu. Dokar ERISA ta 1974, wadda ta shafi inshorar da ake samu ta wurin aiki, ta taƙaita abin da mutum zai nema a kotu ga kuɗin maganin da aka hana shi, ban da diyyar cutarwar da ta biyo baya. A 2001 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin sanatoci McCain, Edwards da Kennedy don faɗaɗa damar kai ƙara, Majalisar Wakilai ta yi nata daban, ba a daidaita ba, ƙudurin ya bi ruwa. A 2004, a shari'ar kamfanin inshora na Aetna da wani majiyyaci mai suna Davila, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce ba a iya amfani da dokar jiha a nemi irin wannan diyya.

Dokar inshorar lafiya ta Shugaba Obama (Obamacare) ta 2010 ba ta buɗe ƙofar diyya ba, wata hanya ta ɗauko. Dole kamfani ya rubuta dalilin ƙin biya, majiyyaci na iya ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, idan bai gamsu ba a miƙa wa masu bincike na waje, kuma hukuncinsu ya hau kan kamfanin. Idan jinyar ta gaggawa ce, ana yanke hukunci cikin awa 72. Sai dai nauyin fara wannan ƙorafi na kan majiyyacin ne, a daidai lokacin da yake kwance.