Dokar 'yancin samun bayanai: yadda ake neman takardun gwamnati

Kunna rediyo da dare a Katsina ko Daura, sojojin baka ne za su cika maka kunne. Wannan ya rantse maigidansa ya gina ajujuwa, wancan ya rantse kuɗin sun shige aljihu, kuma kowa da wanda ya biya masa kuɗin fili. A Facebook abin ya fi muni, don akwai shafukan da ba a ma san daga wace ƙasa ake juya su ba. Da wuya ka ji wanda ya ce ga takardar kwangilar, ga abin da aka fitar. Alhali akwai dokar da ta ba kowa ikon neman takardar.

Ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI, da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayun 2011. Mutane da yawa sun ɗauka ta 'yan jarida ce kawai. Ba haka ba ne. Manomi a Sandamu, ko malamar firamare a Mai'adua, duk suna da ikon rubuta wa ma'aikata su nemi bayani, kuma ba dole ne su faɗi dalili ba. Idan jami'i ya ce "me za ka yi da shi?", doka ba ta ɗora maka amsa ba. Wanda bai iya rubutu ba zai iya sa wani ya rubuta masa, ko ya faɗa da baki, jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi. Hatta kamfani mai zaman kansa, muddin yana aiki da kuɗin jama'a, dokar ta hau kansa.

Kwana 7 ma'aikata take da shi ta amsa. Tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da kai. In za ta hana, dole ta rubuta dalili. In ta yi shiru, doka ta ɗauka ta hana, kai kuma kana da kwana 30 ka garzaya babbar kotu. A can ma'aikatar ce za ta kare hanin da ta yi, ba kai ne za ka kawo hujja ba. Kuɗin da za a karɓa a hannunka na kwafe takarda ne kaɗai. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000, wanda kuwa ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Tarar nan dai, a darajar naira ta yau, ba za ta hana babban jami'i barci ba.

Akwai abin da aka keɓe: sirrin tsaro, binciken da ake kan yi, da bayanan rayuwar mutum. A jihar da ke fama da 'yan bindiga, "tsaro" shi ne uzurin da ya fi sauƙin kawowa. Sai dai dokar ta ce idan amfanin jama'a ya rinjayi illar bayyanawa, a bayar. Ta kuma kare ma'aikacin da ya fitar da bayani da kyakkyawar niyya.

Shekaru da dama gwamnatocin jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafe su ba. Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a Afrilun 2025, a wata shari'a daga jihar Edo kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau, inda ta ce dokar ta hau kowane matakin gwamnati. Ke nan ma'aikatun Katsina da ƙananan hukumominta 34 suna ciki.

In za ka rubuta, kada ka ce "ina son bayanin ayyukanku". Kama abu ɗaya: rijiyar burtsatse ta mazaɓa kaza, nawa aka ware, wane kamfani aka ba, nawa aka biya, a wace rana. Ka je da kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata, don daga ranar ake fara lissafin kwana 7, kuma wannan kwafin ne lauya zai fara tambayarka idan za ka je kotu.