Laushin birki ba kullum ba ne daga takalmin birki

An daɗe ana cewa idan birkin mota ya yi laushi, ƙafa tana nitsewa kafin ya kama, to takalmin birki ne ya cinye. Wannan zato ba abin mamaki ba ne, domin shi ne abin da ido ke gani yana ƙarewa.

Amma yawanci matsalar tana cikin man birki. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafa zuwa tayoyi nan take. Iska kuwa tana matsuwa, kuma ko kaɗan ce ta shiga bututu, sai birki ya yi laushi. Ga shi nau'o'in man birki da ake kira DOT 3 da DOT 4 suna tsotsar danshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yakan tafasa wajen 155. A doguwar gangara, zafin birki kan sa irin wannan mai ya tafasa ya yi tururi, wanda ke matsuwa kamar iska, shi ne ke sa birki ya ƙi kamawa. Shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya man duk shekara 2. Tsohon tiyon roba na birki da ke kumbura ma yana jawo laushin.

Gwadawa ba wuya. A kashe mota, a taka birki sau da yawa. Idan ya yi tauri, daga baya kuma laushin ya dawo, a sa makanike ya cire iska. Idan an danne an riƙe amma yana nitsewa a hankali, mai na yoyo ko masta, wato famfon da ke tura man birki, ta lalace, kuma kada a hau titi da motar sai an gyara.

Don Allah a tura wa masu mota da direbobi wannan bayani.